Ma'aunin zafin jiki na gida: wanne za a saya, kuma me lambarsa ke nufi?

Uwa ta auna jaririnta, na'ura ta nuna 37.6. Zazzaɓi ne ko ba zazzaɓi ba? Ma'aikacin lafiyar da ya san aikinsa ba zai amsa kai tsaye ba. Sai ya fara tambaya: a ina kika sa ma'aunin, a hammata, a dubura ko a goshi? Da ƙarfe nawa? Watansa nawa? An ba shi magani kafin a auna? Dalili kuwa shi ne 37.6 a dubura zafin lafiyayyen yaro ne, amma 37.6 a hammatar jariri ɗan wata biyu na iya nufin cikin jikinsa ya riga ya haura 38, matakin da ba a kwana da shi a gida.

Shi ya sa nake ganin zancen ma'aunin zafin jiki ya wuce a saya a jefa cikin akwatin magani. Na'urar ba ta da wuyar sha'ani, maɓalli ɗaya ne da ɗan allo. Wahalar tana wajen sanin abin da lambar ke faɗa, da abin da ba za ta iya faɗa ba.

Kusan kowa da hannu yake farawa, a ɗora bayan hannu a goshi ko a wuya. Ba na raina wannan. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta umarci ma'aikatan lafiya su ɗauki maganar iyaye da muhimmanci idan suka ce jikin ɗansu da zafi, ko da ba su auna ba. Sai dai hannu yana da iyaka. Ya fi iya gane cewa babu zazzaɓi fiye da tabbatar da cewa akwai, domin fata takan yi ɗumi saboda bargo, ko kuka, ko zafin ɗaki. Hannu kuma ba zai bambance 38 da 39.5 ba, ba zai kuma tuna yadda jikin yake jiya da daddare ba don a kwatanta da na yau.

Lambar nan 37 da kowa ya haddace tana da tarihi. Wani likita Bajamushe, Carl Wunderlich, da ke aiki a birnin Leipzig, shi ya fitar da ita a 1868 bayan ya tattara awon marasa lafiya kusan 25,000. A hammata yake aunawa, da dogon ma'aunin gilashi wanda ke ɗaukar kusan minti ashirin kafin ya tsaya. A 1992 masu bincike a Jami'ar Maryland ta Amurka suka auna lafiyayyun mutane 148 a baki, suka samu matsakaicin 36.8. Abin lura ga mai gida shi ne 37 tsakiyar fili ce, lafiyayyen jiki yana yawo a kewayenta, daga wajen 36.1 zuwa 37.2. Da asuba zafin jiki ya fi yin ƙasa, da la'asar zuwa almuru ya fi hawa, kuma tazarar takan kai rabin digiri. Mace takan ƙara ɗan ɗumi bayan fitar ƙwai a tsakiyar watanta. Tsofaffi kuwa jikinsu yakan zauna ƙasa da na matasa, har ta kai tsoho yana fama da ciwo mai tsanani ma'auni bai nuna komai ba.

Zazzaɓi kansa aikin ƙwaƙwalwa ne. Akwai wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke tsayar da matakin zafin da jiki zai zauna a kai. Idan ƙwayar cuta ta shiga, garkuwar jiki ta aika masa saƙo, sai ya ɗaga matakin. Daga nan jiki ya ɗauka cewa sanyi yake ji: jijiyoyin jinin fata su tsuke, hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau, mutum ya hau makyarkyata yana neman bargo, alhali cikinsa na ƙara zafi. Idan matakin ya sauko, sai zufa ta keto. Ku riƙe wannan bayani, domin shi zai nuna dalilin da ma'aunin goshi ke kuskure a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Sama da shekara ɗari ma'aunin gilashi mai zaiba ne ya riƙe asibiti da gida, tun lokacin da wani likitan Ingila, Thomas Clifford Allbutt, ya rage tsawonsa zuwa santimita 15 a shekarun 1860, ya mayar da jira minti biyar. Awonsa na da kyau. Matsalarsa ita ce yana fashewa, zaiba kuma guba ce, tururinta da ba ya wari ba ya ganuwa yana illa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda, musamman ga yara da masu ciki. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka sa wa sunan garin Japan da gubar zaiba ta yi wa mutanensa mummunar ɓarna, an sanya mata hannu a 2013, ta fara aiki a 2017, ta kuma tsayar da 2020 a matsayin wa'adin daina ƙera irin wannan ma'auni da cinikinsa tsakanin ƙasashe, ko da yake wasu ƙasashe sun nemi ƙarin lokaci. Wanda ke da shi a gida har yanzu, idan ya fashe, kada ya share da tsintsiya, kada ya zuƙe da injin shara, domin duka biyun watsa gubar suke yi. A fitar da yara, a buɗe tagogi, a sa safar hannu, a tattara ɗigon da kwali mai kauri a zuba a kwalba mai murfi.

Ma'aunin zamani mai batir iri biyu ne a asali, duk yawan siffofinsa. Akwai mai taɓa jiki, akwai mai karanta huci.

Mai taɓa jiki shi ne siririn nan mai kama da alƙalami, mai ɗan ƙarfe a baki. A cikin ƙarfen akwai wani ƙanƙanin abu da yadda yake barin lantarki ya wuce ke canzawa gwargwadon zafi. Na'urar tana auna wannan canji ta mayar da shi lamba. Masu kyau daga cikinsu kuskurensu ba ya wuce 0.1 sama ko ƙasa a matakan zafin jikin mutum. Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da ƙarar da yake yi. Ƙarar tana nufin hawan lambar ya ragu sosai, ba lallai ya tsaya cak ba. Waɗanda ake tallatawa da cewa suna gamawa cikin daƙiƙa goma kuwa, lissafi suke yi: su ga saurin da zafi ke hawa, su yi hasashen inda zai tsaya. Idan bakin ma'aunin ya zauna daidai, hasashen yakan dace. Idan ya goce, ko yaro na motsi, sai lissafin ya tashi a kan kuskure. Saboda haka takardun wasu na'urori ke cewa a hammata a bar shi ya ƙara minti ɗaya ko biyu bayan ƙarar.

Mai karanta huci ba ya jiran zafi ya ratsa ƙarfe. Duk abu mai ɗumi yana fitar da wani huci da ido ba ya gani, wanda masana ke kira infirared, shi na'urar ke kamawa. Na kunne yana karanta hucin dodon kunne, wuri mai zurfi da zafinsa ke kusa da na cikin jiki. Na goshi, wanda ya cika duniya a 2020 lokacin annobar korona, fata yake karantawa, sannan ya yi lissafi ya ƙiyasta zafin ciki. A nan ya kamata a gyara wata jita-jita da ta yaɗu a wancan lokaci, wai na'urar tana harba haske cikin ƙwaƙwalwa. Ba ta aika komai cikin jiki, karɓa kawai take yi, kamar yadda kunne ke karɓar sauti. Jan hasken da wasu ke da shi don saiti ne. Wannan tsoro ne ya sa aka koma auna mutane a wuyan hannu, awon da ba shi da amfani, tunda na'urar an daidaita ta ne da fatar goshi.

Ko a goshin ma, abubuwa da yawa na rikita shi: zufa, gashi, hula, iskar fanka, rana, shigowa daga waje, ko tsayawa nesa da tazarar da takarda ta faɗa. Ga kuma abin da na ce a riƙe. Lokacin da zazzaɓi ke hawa jini ya janye daga fata, lokacin da yake sauka zufa ta sanyaya goshi. A duka lokutan biyu fata na iya nuna ƙasa da abin da ke ciki. Yana da amfaninsa, musamman a kan yaron da ya yi barci da ƙyar ba a son tashinsa, amma awon share fage ne. Idan lambarsa ta saɓa da abin da idonku ke gani, a sake da mai taɓa jiki.

Na kunne ya fi na goshi kusanci da gaskiya idan an iya shi, amma yana da sharuɗɗa. Ramin kunnen jariri ƙarami ne kuma a lanƙwashe, don haka ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta ba da shawarar amfani da shi kafin wata shida. Dattin kunne mai yawa yana tare hanya. Kunnen da aka kwanta a kansa ya fi ɗayan ɗumi. Kuma sai an ja kunnen a hankali, baya da sama ga wanda ya wuce shekara ɗaya, don hanyar ta miƙe bakin na'urar ya fuskanci dodon kunne maimakon bangon rami. Yawancinsu suna bukatar 'yar hular roba da ake canzawa, wadda idan ta ƙare ko ta yi datti awon ya lalace. Kafin a saya a tabbatar za a riƙa samun hular.

Sauran nau'o'in ba sai an daɗe a kansu ba. Faifan roba da ake mannawa a goshi ya canza launi ba abin dogaro ba ne. Mai siffar abin tsotson jariri yana bukatar yaro ya riƙe shi minti da yawa ba tare da ya tofar ba, wanda da wuya mara lafiya ya yi. Agogon hannu mai auna zafin fata ba a yi shi don gano zazzaɓi ba.

Idan ɗaya za a saya, ra'ayina a fili yake: siririn nan mai taɓa jiki. Shi ya fi sauƙi, shi ya fi juriya, yana aiki ga jariri da tsoho, kuma kuskurensa ya fi na sauran ƙanƙanta. A duba mai laushin baki wanda ke lanƙwasawa, domin yaro na iya zabura. A duba wanda ruwa ba ya shiga, don a iya wanke shi. Allo mai manyan lambobi da haske yana da daraja, tunda yawancin awon zazzaɓi da dare ake yi. Mai tuna awon ƙarshe yana taimakawa. A duba kwali a ga an rubuta iyakar kuskurensa, da sunan kamfani, da alamar cika ƙa'ida irin su CE ko lambar ISO 80601-2-56, wadda ita ce ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ma'aunin zafin jiki na asibiti. Alama a kwali ana iya buga ta ƙarya, don haka wurin saye ma yana da muhimmanci: kantin magani mai rajista ya fi tebur a bakin hanya. Kuma a duba murfin batir. Wanda aka ɗaure da 'yar ƙusa ya fi wanda ake zarewa da farce, zan faɗi dalili a gaba. Gidan da ke da jariri kuma ake son awon dubura, biyu za a saya, a rubuta wa ɗaya alama, kada ya taɓa shiga baki.

Yanzu ga aunawar kanta, inda yawancin kuskure ke faruwa.

Hammata ita ce hanya mafi aminci, kuma ita ce aka fi yi ba daidai ba. A cire riga ko a ɗaga ta, domin ƙarfen fata zai taɓa, ba yadi ba. A goge zufa. A sa bakin ma'aunin can cikin tsakiyar ramin hammata, a saukar da hannun yaro a matse shi da jikinsa, a rungume shi haka har a gama. Idan bakin ya leƙo ta baya, iskar ɗaki ake aunawa. Jaririn da aka ciro daga cikin bargo mai kauri ko aka gama yi wa wanka, a dakata kamar minti goma sha biyar. Awon hammata yakan yi ƙasa da zafin ciki da rabin digiri, wani lokaci har digiri guda. Shi ya sa ma'aikatan lafiya da yawa ke ɗaukar 37.5 a hammata a matsayin zazzaɓi.

Baki na wanda ya kai shekara huɗu zuwa biyar ne, wanda zai iya rufe leɓe ba tare da ya ciji na'urar ba. Ƙarƙashin harshe ba duka ɗaya ba ne. Wurin da ake so yana can baya, gefen dama ko hagu na gindin harshe, inda jijiyar jini ke wucewa. Gaba kusa da haƙora ya fi sanyi. A rufe baki, a yi numfashi ta hanci. Wanda ya sha abu mai zafi ko mai sanyi, ko ya sha taba, ya jira minti ashirin zuwa talatin. Wanda mura ta toshe wa hanci yana numfashi ta baki, ko wanda ke makyarkyata haƙora na haɗuwa, ko wanda hankalinsa ya gushe, a koma hammata.

Dubura ita ce mafi kusa da zafin cikin jiki, takan ɗara ta baki da 0.3 zuwa 0.6. A nan ƙwararru sun rabu, kuma yana da kyau iyaye su san haka don kada su rikice idan suka ji shawara biyu. Likitocin yara a Amurka suna fifita ta ga jarirai da ƙananan yara saboda daidaitonta. NICE ta Birtaniya kuwa ta ce kada a mayar da baki ko dubura hanyar yau da kullum ga yaron da bai kai shekara biyar ba, ta zaɓi hammata, musamman ga jaririn da bai kai mako huɗu ba. Kowane ɓangare na da hujja: ɗaya ya duba daidaito, ɗaya ya duba aminci da jin daɗin yaro. Ni a ganina, ga iyayen da ba a taɓa nuna musu ba, hammata da aka yi da kyau ta fi dubura da aka yi cikin fargaba. Wanda zai yi, ya shafa ɗan man Vaseline a bakin, ya kwantar da jariri a bayansa ya ɗaga ƙafafu, ya shigar da kamar santimita ɗaya da rabi, kada ya wuce biyu da rabi, kada ya tura da ƙarfi, kada ya saki. Ba a yi wa yaron da ke karɓar maganin ciwon daji ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ko mai ciwo a wurin.

Daga nan tambaya ke tasowa: in na auna a hammata, in ƙara rabin digiri? Shawarata ita ce kada a ƙara komai. Tazarar ba ɗaya ba ce a jikin kowa, kuma wasu na'urorin kunne da goshi sun riga sun yi ƙarin a cikinsu kafin su nuna lamba, idan kun sake ƙarawa an yi sau biyu. A faɗa wa likita abin da allo ya nuna da wurin da aka auna, shi ya san yadda zai fassara. Haka kuma a tsaya a kan na'ura ɗaya da wuri ɗaya har ciwon ya wuce. Wanda ya auna goshi da safe, kunne da rana, hammata da dare, ya tara lambobi uku da ba za a iya jera su a ce zazzaɓi na hawa ko na sauka ba.

Akwai ƙananan abubuwa a allo da ke firgita mutane. Idan an kunna aka ga Lo ko L, ba batir ne ya ƙare ba, ba kuma lalacewa ya yi ba. Yana cewa zafin da yake ji bai kai 32 ba, wato iskar ɗaki, kuma a shirye yake. Hi na nufin ya wuce iyakar sama, wajen 42 ko 43, wanda galibi alama ce cewa an ajiye shi a wuri mai zafi. Idan kuma aka ga 99 ko 101, a duba ƙaramin harafin da ke gefe: F ma'aunin Faranhait ne, C na Salshiyas. 98.6 na F shi ne 37 na C, 100.4 shi ne 38, 102.2 shi ne 39, 104 shi ne 40. Lissafin shi ne a cire 32, a ninka da 5, a raba da 9, amma ya fi sauƙi a duba takarda a mayar da na'urar kan C sau ɗaya a huta. Na goshi da yawa suna da saiti biyu, na jiki da na kaya kamar ruwan wanka ko kwalbar madara. Idan aka bar shi a saitin kaya, zai nuna wa mai zazzaɓi 34 ko 35.

To an samu lamba, sai me? A taƙaice, 38 zuwa sama zazzaɓi ne. Amma shekaru sun fi lambar nauyi. Jaririn da bai kai wata uku ba idan ya kai 38, asibiti za a nufa a lokacin, ko dare ne, ko yana shan nono yana kallon mutane, domin a wannan shekaru mummunar cuta na iya ɓoyewa ba tare da wata alama ba, kuma ba a ba shi maganin rage zafi kafin likita ya gan shi. Daga wata uku zuwa shida, 39 na bukatar a ga likita a ranar. Sanyi ma haɗari ne: jariri sabon haihuwa da ya sauka ƙasa da 36.5 yana bukatar ɗumi, a haɗa fatarsa da ta uwa a rufe su a sake aunawa, idan kuma ya yi ƙasa da 35.5 ko ya ƙi hawa, a kai shi asibiti. Ga kowa, ƙasa da 35 lamarin gaggawa ne.

Bayan wata shida, yanayin yaro ya fi tsayin lambar ba da labari. Yaro mai 39.5 da ke shan ruwa, yana amsa kira, yana ɗan wasa idan zafin ya lafa, ya fi kwantar da hankali a kan mai 38.2 da ya yi laushi, ba ya kallon kowa, ya ƙi nono. Alamomin da ba a jira da su, ko nawa ma'auni ya nuna: wahalar numfashi ko numfashi da sauri ƙirji na lotsawa, kasa sha ko amayar da duk abin da ya shiga, barcin da ba a iya tashinsa daga shi, sanƙarewar wuya, kumburin maɗiga, ƙuraje masu duhu da ba sa dishewa idan an danna su da gefen kofin gilashi, raguwar fitsari sosai, da jijjiga. Jijjigar zazzaɓi takan samu yara tsakanin wata shida da shekara biyar, tana da ban tsoro matuƙa, amma yawanci takan wuce cikin 'yan mintoci ba tare da lahani ba. A kwantar da yaron a gefensa, kada a cusa masa komai a baki, a duba agogo. Idan ta wuce minti biyar gaggawa ce, idan kuma ta farko ce, likita ya gan shi ko ta tsaya.

Wasu mutane ba sa cikin masu jira a gani: mai ciki, mai sikila, mai karɓar maganin ciwon daji, wanda aka cire wa saifa, da tsoho mai rauni. A yankunan da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, ko ga wanda ya dawo daga can, duk zazzaɓi na bukatar gwajin jini cikin kwana ɗaya. Ma'auni yana faɗin cewa akwai zafi, ba ya faɗin abin da ya kawo shi, kuma babu lambar da ke bambance maleriya da taifod da mura. Fitar haƙori ma, wanda ake yawan ɗora wa laifi, yakan ɗan ɗumama jiki ne kawai. Idan ya kai 38, a nemi wani dalili.

Abin da ya fi damuna a amfani da ma'auni shi ne yadda yake mayar da wasu iyaye masu farautar lamba, ana aunawa duk rabin awa, ana ɗura magani don a ga 37. Zazzaɓin da cuta ta kawo da wuya ya wuce 41, kuma shi kansa ba ya lalata ƙwaƙwalwa. Wanda ke yin haka shi ne zafin da ya zo daga waje, kamar yaron da aka bari a rufaffiyar mota ko wanda rana ta buga, kuma wannan farasitamol ba ya masa aiki, sanyaya jiki da gaggawar asibiti yake so. Ana ba da farasitamol ko ibufurofen ne don yaro ya ji sauƙi ya iya sha ya yi barci, gwargwadon nauyinsa, kuma farasitamol ba ya wuce sau huɗu a awa ashirin da huɗu. Ba sa hana jijjiga. Saukar zafi bayan magani kuma ba shaida ba ce cewa ciwon ƙarami ne. Asfirin ba na yaron da bai kai shekara 16 ba ne, saboda wata cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa da ake kira Reye. Ruwan sanyi ƙarara ko sifirit a jiki na sa makyarkyata, ta ƙara zafin ciki. Aunawa duk awa huɗu zuwa shida ta wadatar, sai in yanayin mara lafiya ya canza. Yaron da ke barci lafiya yana numfashi daidai, a leƙa shi, ba sai an tashe shi don ma'auni ba.

Kula da na'urar ɗan aiki ne. A goge bakin da auduga da sifirit kafin amfani da bayansa, ko a wanke da sabulu da ruwa mai sanyi. Ruwan zafi na lalata shi, kuma ba a nutsa allon sai an rubuta cewa ruwa ba ya shiga. Na kunne da na goshi, ɗan gilashin gabansu idan ya yi ƙura ko maiƙo lamba takan yi ƙasa. A ajiye shi a cikin kubensa, nesa da rana da cikin mota. Mai karanta huci idan an ɗauko shi daga wuri mai zafi ko sanyi, a bar shi ya zauna a ɗakin kamar rabin awa kafin a auna. Batir mai rauni na iya ba da lamba marar kan gado, don haka a ajiye na canji. Ga dalilin maganar murfi: yawancin waɗannan na'urori da ɗan batir mai siffar maɓallin riga suke aiki, kuma idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Sabo da tsoho duka a ɓoye su inda hannun yaro ba ya kaiwa, idan kuma ana zargin ya haɗiye, a tafi asibiti nan take ba tare da jiran alama ba.

Ranar da aka sayo ma'auni, kafin kowa ya kwanta ciwo, a karanta takardarsa, a auna kowa a gidan da safe da yamma na kwana biyu ko uku, a rubuta. Ta haka hannu zai saba, a gane ko na'urar na da matsala, a kuma san cewa kaka a 36.2 take zama, don haka 37.6 a jikinta abin dubawa ne. Idan ciwo ya zo, a ajiye 'yar takarda tare da ma'aunin, kowane awo a rubuta abu huɗu: lokaci, lamba, wurin da aka auna, da maganin da aka bayar tare da lokacinsa. Da ita za a tafi asibiti. Zazzaɓin da ya wuce kwana uku, ko ya tafi ya dawo, ko na yaro ƙasa da shekara biyu da ya cika kwana ɗaya ba a san dalilinsa ba, a kai wa likita shi da takardar.